Ministan da ya aza harsashi, ina yake ranar da aiki ya tsaya?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah amsa nake nema daga waɗanda suka san kan abin, ba zage-zage ba.

Akwai wani ginin asibiti da nake wucewa ta gabansa kullum in zan tafi aiki. Ina tsaye a wurin ranar da minista ya zo aza harsashinsa. An kafa rumfuna, an yayyafa ruwa saboda ƙura, ya karɓi cokalin magina ya shafa siminti, aka yi ta tafi. Allon da suka kafa ya ce wata 18 za a gama. Bana shekara shida ke nan. Gini ya tsaya a linta, rodin da ke kan ginshiƙai ya yi ja da tsatsa, har wata bishiya ta tsiro a tsakiyar ɗakin da aka ce na haihuwa ne, yanzu ta fi ni tsawo. Bara ƙanwata ta haihu a bayan mota muna hanyar zuwa wani asibitin mai nisa. Ta gaban wannan kangon muka wuce, tana riƙe da hannuna tana salati. Allah ya sa ita da jaririyar sun rayu, amma abin bai bar zuciyata ba.

Shi ministan an mayar da shi wata ma'aikatar, daga baya ya sauka lafiya lau. Wanda ya gaje shi ya ce haka ya tarar da aikin. To ni wa zan tambaya? Wanda ya karɓi tafi ranar biki, ashe ba shi ne ya kamata ya amsa tambaya ba ranar da aiki ya tsaya?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya raya mana jaririya. Maganar ba ta da tsawo: a kama shi, a ƙwace abin da ya tara, a kai shi gidan yari. In aka yi wa mutum uku haka, sauran za su shiga taitayinsu.

Baba Akanta:
Ɗan Auta, na fahimci zafin zuciyarka, amma bari in tambaye ka: da wace takarda za ka kama shi? Na yi shekara 33 a sashen kuɗi na ma'aikatu daban-daban kafin in yi ritaya, kuma ina gaya maka da wuya ka ga sa hannun minista a kan baucar biyan kuɗi. Babban sakatare ne ke sa hannu, sai daraktan kuɗi, sai irinmu na ƙasa. A Najeriya ma dokar ba da kwangila ta 2007 babban sakatare ta ɗora wa alhakin kuɗin ma'aikata. Minista da baki yake magana, ko ta waya, ko ya aiko mai taimaka masa.

Bari in ba ku abin da ya same ni. Wata rana ana gab da rufe shekarar kuɗi aka kawo mini fayil, aka ce in shirya biyan wani ɗan kwangila kashi na biyu na kuɗinsa. Na buɗe fayil, babu takardar injiniya da ke shaida an kammala kashi na farko. Na tambaya, aka ce daga sama aka ce a biya. Na ɗauki biro na rubuta layi biyu a fayil ɗin, cewa ina roƙon a ba ni wannan umarni a rubuce. Fayil ɗin bai sake dawowa teburina ba. Bayan mako uku aka mayar da ni wani ofis da ba a taɓa kuɗi. An biya mutumin ta hannun wani. Da yau za a binciki wannan aiki, yaron da ya sa hannu za a samu. Wanda ya ce a biya, babu sunansa ko a shafi ɗaya.

Ɗan Auta:
Subhanallah. Baba, ke nan wanda ya fi kowa laifi shi ya fi kowa tsira?

Baba Akanta:
Haka tsarin yake in ba a toshe wannan ƙofar ba. Kuma akwai inda aka toshe ta. A Birtaniya, idan babban sakatare ya ga abin da minista ke so ya saɓa ƙa'ida, ko asarar kuɗi ne, ko ba zai yiwu ba, yana da hurumin ya rubuta wa ministan cewa bai yarda ba, in har ana so ya aiwatar to a umarce shi a rubuce. Ministan na iya ba da umarnin, ba a hana shi ba. Sai dai ana aika kwafin takardar ga babban mai binciken kuɗi da kwamitin majalisa mai bin diddigin asusun gwamnati, alhakin ya koma wuyansa da sunansa.

An ga amfanin wannan a batun madatsar ruwa ta Pergau a Malesiya. Gwamnatin Birtaniya ta so ta zuba fam miliyan 234 na kuɗin tallafi a aikin. Babban sakatare, Tim Lankester, ya ce aikin bai cancanci kuɗin ba. A 1991 ministan harkokin waje Douglas Hurd ya ba da umarni a ci gaba. A 1994 babbar kotu ta yanke hukunci cewa kashe kuɗin tallafi ta wannan hanya ya saɓa doka. Ba wanda ya sha wahalar neman wanda ya yanke shawarar, domin takarda na nan. Abin da na roƙa da layi biyun nan nawa ke nan, ba wani abu ba.

Barista:
Allah ya saka da alheri Baba. Ina so in raba abu biyu da muke yawan cakuɗawa, domin cakuɗa su ne ke ba ministoci mafita.

Akwai alhakin laifi, wanda kotu ke dubawa: ka ci hanci, ka karkatar da kuɗi, ka ba kamfaninka kwangila. Wannan sai da hujja mai ƙarfi, kuma yakan ɗauki shekaru. Akwai kuma alhakin muƙami: an ba ka amanar ma'aikata, abu ya lalace a hannunka, dole ka zo ka yi bayani, in bayanin bai gamsar ba ka sauka, ko da ko kwabo ba ka ci ba. Abin da ministoci da yawa ke yi shi ne, in ka tambaye su na biyun sai su amsa maka da na farko. Ka ce me ya sa asibiti ya tsaya, ya ce in kana da hujjar na yi sata ka je kotu. Maman Ummi ba ta ce ya yi sata ba. Cewa ta yi ina asibitin.

Ku duba Sabiya. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 rumfar kankare ta tashar jirgin ƙasa ta Novi Sad ta rufto kan mutane, watanni kaɗan bayan an buɗe tashar da aka yi wa kwaskwarima. Mutum 16 suka rasu a ƙarshe. Cikin 'yan kwanaki ministan gine-gine Goran Vesić ya yi murabus, duk da ya ce bai amsa laifi ba. A Janairun 2025 firaminista ma ya sauka. Ba hukuncin kotu ne ya sauke su ba, matsin lambar jama'a ne. Kuma abin da ya fi burge ni, buƙatar farko da ɗaliban da suka fito zanga-zanga suka gabatar ita ce a fito da duk takardun kwangilar gyaran tashar kowa ya gani.

Ɗan Auta:
Yaya Barista, ki gafarce ni, amma ni murabus bai ishe ni ba. Mutum ya sauka ya tafi gida ya huta, gobe ya dawo. A Girka jiragen ƙasa biyu suka yi karo a Tempi ranar 28 ga Fabrairu 2023, mutum 57 suka mutu, yawancinsu matasa. Ministan sufuri Kostas Karamanlis ya yi murabus washegari, amma a zaɓen wannan shekarar aka sake zaɓarsa ɗan majalisa. Kwangilar na'urorin ba da sigina da ya kamata su hana irin wannan karo tun 2014 aka sa mata hannu, ba a kammala ba har haɗarin ya faru. Iyayen yaran nan me murabus ya mayar musu?

Barista:
Bai mayar musu da komai ba, ƙanena, kuma ban ce ya isa ba. Amma bari in nuna maka ɗaya gefen, don kada ka ɗauka kamu shi ne hukunci. A Kenya an kama ministan kuɗi Henry Rotich a Yulin 2019 yana kan kujerarsa, a kan kwangilar madatsun ruwa na Arror da Kimwarer, waɗanda aka fitar wa kuɗi amma ba a gina ba. Duniya ta ɗauka, aka ce ga zakaran gwajin dafi. A Disamban 2023 kotu ta sallame shi, alƙaliyar kuma ta caccaki masu gabatar da ƙara domin yawancin shaidun da aka kawo ba su yi musu tambayoyi ba. Shekara huɗu ana shari'a, babu madatsa, babu wanda aka samu da laifi. Kamun da aka yi don kyamara, ba a shirya hujja ba, wanke mutum yake yi.

Malamin Tarihi:
Ina biye da ku tun ɗazu. Akwai wanda aka kama kuma aka hukunta, amma ku lura da inda aka hukunta shi. Manuel Chang, ministan kuɗin Mozambik, ya sa hannu gwamnati ta tsaya wa wasu kamfanoninta uku suka ciwo bashin kusan dala biliyan 2 tsakanin 2013 da 2014, da sunan jiragen kamun kifi da tsaron teku, ba tare da amincewar majalisa ba. Da asiri ya tonu a 2016, masu ba ƙasar tallafi suka janye, darajar kuɗinta ta faɗi, talakan da bai san an ci bashi ba shi ya ɗanɗana kuɗarsa. An kama Chang a Afirka ta Kudu a Disamban 2018, aka miƙa shi Amurka a 2023, kotun can ta same shi da laifi a 2024, aka yanke masa shekara takwas da rabi. Abin da ya kama shi shi ne abin da Baba ya faɗa: shi kam sa hannunsa na kan takarda. Amma shekara goma aka yi kafin hukunci, kuma a wata ƙasa.

Injiniya:
Salam. Ku yi haƙuri na shigo a makare, ina wurin aiki. Anti, ginin da kika kwatanta na ga irinsa sun fi a ƙirga, bari in faɗa miki yadda abin yakan faru ta ɓangarenmu.

Da farko ana ba da kwangila tun ba a gama zane ba, ba a gwada ƙasa ba, domin ana sauri a aza harsashi kafin zaɓe ko kafin shekarar kuɗi ta ƙare. Ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami, ya kawo motoci biyu ya haƙa rami, ya ɗaga gini zuwa inda ido zai gani. Daga nan sai ya rubuto cewa ƙasar ba yadda aka zata take ba, kaya sun yi tsada, a sake duba kuɗin. Wani lokacin gaskiya ya faɗa. A kasafin shekara mai zuwa kuma sai a ware wa aikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na bukatarsa ba, domin sabon minista na da nasa sababbin ayyukan da yake so a gan shi yana buɗewa. Ƙarasa aikin wani ba ya kawo tafi. To a nan aiki ke mutuwa, ba lallai a rana ɗaya da sata ɗaya ba.

Na taɓa duba wata hanya da aka ce an gama. Muka kawo injin da ke huda kwalta ya ciro ta kamar gwangwani, na ɗora ma'auni a kai. Takarda ta ce milimita 50, abin da ke hannuna bai kai 30 ba. Muka huda wuri biyar, duk haka. Na rubuta rahoto na ƙi sa hannu. Bayan wata biyu na ga an ƙaddamar da hanyar a talabijin. Damina biyu ta yi ta fashe.

Kuma don Allah kada mu ɗauka sai an yi sata kuɗin jama'a ke salwanta. Filin jirgin saman Berlin a Jamus an shirya buɗe shi a 2011, ba a buɗe ba sai 31 ga Oktoba 2020. A 2012 saura 'yan makonni a yi biki aka fasa, saboda na'urorin kariya daga gobara ba su aiki yadda ya kamata. Kuɗin ya tashi daga kusan yuro biliyan 2 zuwa sama da biliyan 6. 'Yan siyasa ne suka zauna a kwamitin sa ido, ana ta canza zane ana tsakiyar gini. Ganganci da rashin iya aiki ma dole a amsa tambaya a kansu.

Maman Ummi:
Injiniya, wannan rahoton naka da ka ƙi sa hannu, yana ina yanzu?

Injiniya:
Yana cikin wani fayil, Anti, in ba a ɓatar da shi ba. Ina da kwafi a gida.

Maman Ummi:
To ka gani. Baba ya rubuta layi biyu, kai ka rubuta rahoto, duk an rufe a durowa. Ashe masu gaskiya na nan a ciki, mu ne ba ma jin muryarsu. Ina majalisa a duk wannan? Ba aikinsu ba ne?

Barista:
Aikinsu ne, Yaya. A Najeriya sashe na 88 da na 89 na tsarin mulkin 1999 sun ba majalisa ikon bincike da gayyatar kowa, har da ba da sammaci in mutum ya ƙi zuwa. Kuma mutane da yawa ba su sani ba, rigar kariyar da ke sashe na 308 ta shugaban ƙasa ce da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu. Minista ba ya cikinta. Matsalar ita ce a tsarin shugaba mai cikakken iko majalisa ba ta iya sauke minista, sai wanda ya naɗa shi. In kuma jam'iyya ɗaya ce ke da rinjaye, sau da yawa majalisar kan zama garkuwa.

Afirka ta Kudu ta nuna haka. An kashe rand miliyan 246 a gidan Shugaba Jacob Zuma na Nkandla da sunan tsaro. Thuli Madonsela, mai kare haƙƙin jama'a, ta ce a 2014 ya mayar da wani ɓangare. Sai ministan 'yan sanda ya fito da nasa rahoton yana cewa wurin ninƙayar da aka gina tanadin ruwan kashe gobara ne, majalisa ta karɓa. Sai da kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a Maris 2016 cewa shugaban da majalisar duk sun gaza kare tsarin mulki, sannan ya biya rand miliyan 7.8.

Baba Akanta:
Shi ya sa ni na fi dogara da ofishin babban mai binciken kuɗi, in an sakar masa mara. A Ghana tsarin mulki ya ba shi ikon ya soke kuɗin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ya ɗora wa wanda ya jawo asarar ya biya daga aljihunsa. An daɗe ba a amfani da ikon, sai da kotun ƙoli ta ba da umarni a 2017. Daniel Domelevo, babban mai binciken kuɗi na lokacin, ya fara aiki da shi gadan-gadan. A 2020 fadar shugaban ƙasa ta tura shi hutun dole, daga nan ya yi ritaya. A 2023 kotun ƙoli ta ce tura shi hutun ya saɓa tsarin mulki, amma ihu bayan hari ne, mutumin ya riga ya tafi. Duk mai binciken da wanda yake bincika ke iya korarsa, ko ya riƙe masa kuɗin gudanar da ofis, to hannunsa a ɗaure yake.

Malamin Tarihi:
Baba, ina da ja a wuri ɗaya. Idan muka ce kowane minista ya ɗauki alhakin duk abin da ya lalace a ma'aikatarsa, me za mu yi da aiki irin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta? Tun 1979 aka ba da kwangilarsa, har yau bai fara narka ƙarfe yadda aka tsara ba, a 2022 ma sai da gwamnati ta amince ta biya dala miliyan 496 don sasanta rikici da wani kamfanin da aka taɓa ba shi. Ministoci nawa suka wuce a kai? Wanne za a riƙe? Ina tsoron kada mu koma bita-da-ƙulli, kowace sabuwar gwamnati ta riƙa farautar ministocin wadda ta gabace ta, nata kuma su zama shafaffu da mai.

Baba Akanta:
Malam, tsoronka na kan hanya, amma tsawon lokacin aiki ba ya narkar da alhaki. Ba a tambayar mutum shekara arba'in, ana tambayarsa shekarunsa. Nawa ka tarar an kashe, nawa aka ba ka, me ka yi da shi, a wane hali ka bari. Tambaya huɗu ce. Da kowane minista zai ajiye wannan a rubuce ranar da ya kama aiki da ranar da zai tafi, a buga kowa ya gani, da "haka na tarar" ta daina zama mafaka. Shi ne kuma maganin bita-da-ƙullin, domin awo ɗaya za a yi wa na jiya da na yau. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗan Auta:
Na yarda da takarda, Baba, amma ban janye maganar gidan yari ba. A Singafo tsohon ministan sufuri S. Iswaran an ɗaure shi wata 12 a Oktoban 2024 a kan kyaututtukan da ya karɓa daga 'yan kasuwar da ke hulɗa da ofishinsa, tikitin kallon wasanni da hawa jirgi da makamantansu. Masu gabatar da ƙara wata shida zuwa bakwai suka nema, alƙali ya ce girman muƙaminsa ƙara nauyin laifin yake yi. Kuma lokacin da yake minista ɗan jam'iyya mai mulki ne. Irin wannan nake nufi.

Barista:
A nan ba mu da saɓani. Abin da nake cewa kawai, kada mu zauna jiran kotu alhali akwai abin da ke hannunmu yau. Yukren ta mayar da ba da kwangilolin gwamnati kan intanet ta tsarin ProZorro tun 2016, kowa na iya ganin wa ya nema, nawa ya ce, wa aka ba. Ƙasashe da dama kuma na da dokar 'yancin samun bayanai. Ta Najeriya ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, in ta ƙi kana iya kai ta kotu, kuma ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake tambaya ba.

Yaya Maman Ummi, allon nan yana nan har yanzu?

Maman Ummi:
Yana nan, fentin ya koɗe amma ana iya karanta sunan ma'aikatar da na kamfanin. Adadin kuɗin ne ban taɓa gani a jiki ba.

Barista:
To ki ɗauko hotonsa gobe, da hoton ginin ta gaba da ta ciki in za ki iya shiga lafiya. Zan rubuta miki wasiƙa zuwa ga babban sakataren ma'aikatar, mu nemi kuɗin kwangilar, da ranakun da aka biya da adadin kowane biya, da takardun shaidar injiniya, da abin da aka ware wa aikin a kasafin kowace shekara cikin shidan nan, da sunan wanda ya amince da kowane biya. Mu aika kwafi ga mai binciken kuɗi da kwamitin majalisa. Ki tabbata an buga miki hatimin karɓa a kwafinki da kwanan wata.

Injiniya:
Ku ƙara da takardar lamunin banki da ɗan kwangila ya ajiye kafin a ba shi kafin alƙalami. In ya gudu ya bar aiki, da ita ake karɓo kuɗin. A tambaya ko an nemi kuɗin, in ba a nema ba wa ya hana. Anti, in kin shiga ki ɗauko mini hoton rodin nan kusa-kusa, da ƙasan ginshiƙai inda ruwa ke kwanciya. Bayan damina shida ina so in ga ko ginin zai ɗauki rufi, ko sai an rushe wani sashe.

Maman Ummi:
In sha Allahu da safe kafin in wuce aiki. Barista, sunana kaɗai zan sa a wasiƙar, ko in nemi sauran matan da abin ya shafa mu sa hannu tare? Ƙanwata ta ce in dai za a rubuta, a fara da nata.